ALLURA CIKIN RUWA

Hausawa suna cewa allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka. Gaskiya ne kuwa, domin wanda allurarsa ta faɗa rafi ba shi da wata dabara sai lalube. Amma da a ce akwai wanda za ka aika cikin ruwan, ka ce masa, "Bar kifi, bar duwatsu, bar ciyawa, ka kawo mini duk abin da bai kai tsinke kauri ba," ai da ba sai an jira rabo ba. To, a cikin kwamfuta akwai irin wannan ɗan aike. A kansa nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu ɗan bayani, in kuma ba da labarin yadda ya fid da gidanmu kunya a daminar 2024.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san ma'aunin da ake awo da shi. Duk abin da aka ajiye a kwamfuta, ko hoto ne, ko waƙa, ko wasiƙa, ana kiransa fayil. Jakar da ake zuba fayiloli a ciki kuwa ita ce folda, kuma ana iya sa folda cikin folda, kamar yadda ake sa ƙaramar kwalla cikin babba. Yadda hatsi yake da mudu da tiya da buhu, haka fayil yake da nasa ma'auni. Mafi ƙanƙanta shi ne bayit. Harafi ɗaya na boko bayit ɗaya yake ci, amma haruffanmu masu lanƙwasa, watau ƙ da ɗ da ɓ, bibbiyu suke ci. Bayit 1024 shi ne kilobayit ɗaya, kilobayit 1024 shi ne megabayit ɗaya, megabayit 1024 kuma shi ne gigabayit ɗaya. Wannan rubutu nawa, daga farkonsa har ƙarshe, bai kai kilobayit 20 ba. Hoto ɗaya da aka ɗauka da waya yakan kai megabayit biyu ko uku, watau ya ninka rubutun nan fiye da sau ɗari. Fim ɗaya kuwa ba a magana. Saboda haka rubutu shi ne allurar cikin kwamfuta, hotuna da finafinai su ne ruwan.

Yawancinmu mun saba aiki da kwamfuta ta hanyar linzami. Mu nuna hoton folda mu latsa, ta buɗe, mu duba, mu rufe, mu koma wata. Wannan hanya tana da daɗi in fayilolin kaɗan ne. Akwai wata hanya da ta girme ta, ana kiranta layin umarni, yaran shaguna kuwa suna ce mata baƙin allo. Babu hoto a cikinta ko ɗaya. Ɗan haske ne kawai yake ƙyafta ido yana jiranka. Kai za ka rubuta abin da kake so da kalmomi, ka danna maɓallin shiga, ita kuwa ta ba ka amsa a rubuce.

Umarnin da zan yi magana a kansu sun fito ne daga wani tsarin tafiyar da kwamfuta mai suna Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara ginawa a 1969, a ɗakunan bincike na Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka. A lokacin nan injin buga rubutu mai kama da tafireta shi ne bakin da ake magana da kwamfuta, shi ya sa suka yi umarninsu gajeru-gajeru. Kwamfutar da suka samu a 1970, mai suna PDP-11, ƙwaƙwalwar aikinta duka kilobayit 24 ce. Mutanen da suka yi aiki cikin irin wannan ƙunci dole su san darajar kowane bayit. A 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara gina Linux bisa tafarkin Unix, ya kuma sake shi kyauta. Daga Linux ne aka sami Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fito da shi a 2004. Har wayoyin Android da ke aljihun iyayenmu a kan Linux aka ɗora su. Umarnin neman fayil kuwa, mai suna find, tun shekarun 1970 yake aiki. Ya girmi matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980, kuma har yau bai yi ritaya ba.

To, ga yadda na san shi. Mahaifiyata tana sayar da shinkafa da wake da gari a kasuwar Sabon Tasha, kuma ita ce uwar adashin wasu mata talatin na layinsu. Kowace Asabar kowace mace takan zuba naira 5,000, mace ɗaya ta kwashi naira 150,000. Sun fara zagayen ne ranar Asabar ta farkon watan Maris. Mama tana da wani littafi mai baƙin bango inda take rubuta wadda ta zuba da wadda ta kwasa. Wana kuwa, da yake yana taya Kawu aiki a shagonsa na buga takardu da fotokwafi kusa da titin Kachiya, yakan ɗauki littafin lokaci-lokaci ya kwafe abin da ke ciki a kwamfutar shago. Mama takan yi masa dariya ta ce, "Littafin da ke hannuna ai ya fi wanda ke cikin akwatin da ba na iya buɗewa."

Cikin watan Yuli wana ya tafi bautar ƙasa can kudu. Bai yi sati biyu da tafiya ba kwamfutar shago ta mutu, ta ƙi tashi sam. Kawu ya cire faifan ajiyarta ya jefa a durowa, ya ci gaba da aiki da wata. Sa'an nan cikin Agusta aka yi wani ruwa da dare kamar da bakin ƙwarya, rufin rumfar Mama ya yi yoyo daidai kan akwatin da littafin yake. Da gari ya waye aka tarar shafofin farko sun manne da juna, tawada ta narke ta zama shuɗin ruwa. Daga mako na ɗaya zuwa na goma sha ɗaya babu abin da ake iya karantawa.

Da ba don abu ɗaya ba, da asarar ba ta wuce ta littafi ba. A cikin matan akwai wata mai sayar da manja da ta rasu a watan Yuni, 'yarta ta gaji rumfar, ta ci gaba da zubi ba fashi. A jerin da aka yi tun farko, mako na 26 shi ne na marigayiyar, saboda haka yarinyar ta sa rai, har ta yi wa mai kawo mata manja alkawari. Sai ga wata mai tumatir ta ce a'a, makon nan nata ne, domin tun cikin Afrilu ta ba marigayiyar kwasarta ta mako na bakwai, suka yi musaya. Mama ta tuna an yi haka. Amma yarinyar ba ta san da maganar ba, uwarta ba ta taɓa gaya mata ba. Matan layi suka rabu biyu. Waɗansu suka ce sun ji ƙishin-ƙishin ɗin musayar, waɗansu suka ce ana so a cuci marainiya ne don uwarta ba ta da bakin magana. Har wata ta ce ruwan da ya zaɓi shafofin farko kaɗai ya ci, ruwa ne mai wayo.

Wannan magana ita ta hana Mama barci. Shekara tara tana riƙe da adashi ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ta ce in ba a sami shaida ba kafin Asabar, za ta ba yarinyar kwasa, ta biya mai tumatir daga jarinta. Naira 150,000 kuwa ita ce kusan rabin abin da take juyawa, kuma daga cikinsa ake biyan kuɗin makarantarmu ni da ƙannena biyu. Ko ta biya ma, zargin ba zai goge ba, sai a ce ai da ma ta san abin da ta yi.

Aka kira wana a waya. Ya ce lalle ya rubuta musayar, yana tune da ita. Amma maganar ɗa ba ta zama shaida ga uwarsa, sai an ga rubutun. Kawu ya tambaye shi sunan fayil ɗin, ya ce bai sa masa suna ba, ya bar shi da sunan da kwamfuta ta ba shi. Aka tambaye shi folda, ya ce a fuskar allo ya bar shi, amma yaran shago sukan tattara abin da ya taru a nan su zuba wani wuri in ya yi yawa. Kawu ya ce, "To, da me ka rubuta?" Ya ce da Notepad. Kawu ya ce, "Madalla, ka ba ni abin da nake so."

Ranar Laraba da yamma, bayan an tashi daga makaranta, na tarar Kawu ya haɗa tsohon faifan da ƙaramar kwamfutarsa mai Ubuntu ta wata igiya. Yaron shagonsa ya riga ya yi yini biyu yana buɗe folda ɗaya bayan ɗaya da linzami, idanunsa sun yi ja, bai ko ci rabin rabi ba. Shekara shida faifan nan yana karɓar kayan jama'a: hotunan biki, finafinan Kano da na Indiya, takardun neman aiki, katin gayyata, aikin ɗaliban manyan makarantu. Kawu ya jawo mini kujera ya ce, "Zauna nan, ɗana. Kai za ka rubuta, ni zan faɗa. Amma kafin ka taɓa komai, gaya mini, me muka sani game da abin da muke nema?"

Na ce ba mu san sunansa ba, ba mu san inda yake ba. Ya ce, "Ban tambaye ka abin da ba mu sani ba. In akuya ta ɓata, mai cigiya ba ya cewa bai san inda take ba, kamanninta yake faɗa." Muka zauna muka lissafa kamanni uku. Na ɗaya, ƙarami ne, domin sunayen mata talatin da lissafin 'yan makonni ba za su wuce haruffa dubu kaɗan ba. Na biyu, an taɓa shi tsakanin Maris da Yuli. Na uku, dole akwai kalmar kwasa a cikinsa.

Da farko ya sa na ƙirga duk fayilolin da ke faifan, don mu san zurfin ruwan. Na rubuta:

find . -type f | wc -l

Ɗigon nan yana nufin a fara daga inda muke tsaye a shiga kowace folda da ke ƙarƙashinsa. Harafin f yana nufin fayil kaɗai ake so, ban da folda. Sandar da ke tsaye tana miƙa amsar ga wani umarni, shi kuwa ya ƙirga layuka. Amsa ta fito, fayil dubu tamanin da huɗu da ɗoriya. Yaron shago ya riƙe baki. Sa'an nan muka sa kamanni na farko:

find . -type f -size -20k

Watau duk fayil ɗin da bai kai kilobayit 20 ba. Alamar ragi da ke gaban 20 ita ce ke cewa ƙasa da haka. Da alamar tarawa aka sa, da waɗanda suka fi haka za a kawo. Da muka ƙirga, sai muka ga saura dubu goma sha ɗaya. Layi guda ya zubar da hotuna da waƙoƙi da finafinai gaba ɗaya. Na tambayi Kawu me ya sa ba mu fara da neman kalmar ba tun farko. Ya ce neman kalma sai an buɗe fayil an karanta cikinsa, in muka ce a karanta cikin kowane fim za mu kwana a nan. Girma kuwa a rubuce yake a bakin ƙofa, dubawa kawai ake yi a wuce. Mai hankali yakan fara da tankaɗe mai sauƙi, ya bar tsinta sai abin ya ragu.

Muka ƙara kamanni na biyu, muka rubuta -mtime -200 a ƙarshen layin, watau wanda aka canja wani abu a cikinsa cikin kwana 200 da suka wuce. Suka ragu zuwa ɗari shida da 'yan kai. Sai na uku. Akwai wani umarni mai suna grep, wanda Ken Thompson ɗin nan ya rubuta, aikinsa shi ne duba cikin rubutu ya nemo kalma. Kawu ya faɗa, na rubuta a hankali:

find . -type f -size -20k -mtime -200 -exec grep -il kwasa {} +

Harafin i yana cewa kada a damu ko da manyan baƙaƙe aka rubuta kalmar ko da ƙanana. Harafin l kuma yana cewa sunan fayil kawai muke so. A nan ne na gane dalilin murnar Kawu da jin sunan Notepad. Shi tsurar rubutu yake ajiyewa, wanda grep yake iya karantawa kai tsaye. Takardar Word ta zamani kuwa a matse take kamar ƙullin kaya, sai an kwance ta.

Na danna maɓalli. Ban gama ɗauke yatsana ba sai ga layi ɗaya tak ya fito. Fayil ɗin yana cikin wata folda, cikin wata folda, cikin wata da aka sa wa suna tarkace. Sunansa New Text Document (3).txt, girmansa bayit 2,914. Muka buɗe. Ga sunayen mata talatin a jere, ga makonni. A gaban mako na bakwai wana ya rubuta cewa mai manja ta kwasa a madadin mai tumatir saboda kuɗin asibiti, mai tumatir za ta kwasa a mako na 26. Na sakaya sunayensu ne a nan, amma a can a rubuce suke.

Na yi tsalle zan ruga gida, Kawu ya riƙe ni. Ya ce kada in taɓa ko harafi ɗaya a ciki. Ya nuna mini ranar da kwamfuta ta rubuta cewa an yi wa fayil ɗin canji na ƙarshe, 7 ga Yuli, watau kafin ruwan, kafin gardamar, kafin kowa ya san za a bukace shi. Ya ce in muka gyara ko ɗigo muka adana, ranar za ta koma ta yau, mun ɓata shaidarmu da hannunmu. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa wanda ya ƙware yana iya canja irin wannan rana, don haka ba ita kaɗai za a dogara da ita ba. Ya buga takardar kwafi uku, ya ce a gwada ta da shafofin littafin da suka tsira.

Ranar Asabar Kawu ya rufe shago ya ɗauki kwamfutar da faifan har rumfar Mama. Ya ce, "Yaya, a kira wadda suka yarda da ita ta karanta, kada ni ko ke mu karanta." Aka kira wata tsohuwar malamar firamare mai sayar da kwanuka. Ta riƙe takarda a hannu ɗaya, littafi a ɗaya, ta bi daga mako na goma sha biyu zuwa na goma sha tara, inda rubutun wana ya tsaya. Ba a sami saɓanin ko naira ɗaya ba. Sa'an nan ta koma baya tana karanta makonnin da ruwa ya ci, kowace mace tana amsa nata. Da ta zo mako na bakwai ta faɗi kwanan wata, 13 ga Afrilu, sai 'yar mai manja ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Mama, a satin nan ne aka kwantar da ita. Na yi ta tambayarta inda ta sami kuɗin, ta ce in bar maganar." Ta fashe da kuka. Mai tumatir ce ta fara tashi ta rungume ta. Aka ba mai tumatir kwasarta, ita kuwa a nan take ta ranta wa yarinyar naira 40,000 don kada alkawarinta da mai kawo manja ya tashi. Wadda ta yi maganar ruwa mai wayo ba ta ce uffan ba, amma da yamma ta aiko wa Mama da ƙullin kubewa.

Tun daga ranar nake zuwa shagon Kawu kowace Asabar, kuma ga kaɗan daga abin da na ƙara koya, ko wani zai amfana.

Na farko, umarnin find yana da wata ɗabi'a irin ta ɗan dako, wanda rabin buhu ma buhu ne a wurinsa. In ka ce ya auna da megabayit, duk fayil ɗin da ke da ko bayit ɗaya a ciki zai lissafa shi megabayit guda cur. Saboda haka wanda ya rubuta -size -1M yana neman abin da bai kai megabayit ɗaya ba, fayilolin da babu komai a cikinsu kaɗai zai gani, ya ɗauka abinsa ya ɓata alhali yana nan. Maganin wannan shi ne a auna ƙaramin abu da ƙaramin ma'auni. Harafin k na kilobayit ne, harafin c kuwa na bayit ne ɗaiɗai, shi ne ba ya ƙari ba ya ragi.

Na biyu, neman ƙaramar folda dabam yake da neman ƙaramin fayil. Folda ita kanta jerin sunaye ce kawai, kamar takardar da ake mannawa a ƙofar aji. In ka tambayi find girmanta, girman takardar zai gaya maka, ba nauyin ɗaliban da ke ciki ba. A faifan Linux sau da yawa za ka ga 4096, ko fim goma ne a ciki ko wasiƙa ɗaya. Mai auna abin da ke ciki wani umarni ne, du:

du -sk * | sort -n | head

Wannan zai auna kowane abu da ke inda kake tsaye, ya jera daga ƙarami zuwa babba, ya nuna maka goma na farko. In kuwa foldar da ba kome a cikinta kake nema, sai ka ce:

find . -type d -empty

Na uku, fayil marar kome abin tsoro ne. Yana da suna, yana da hoto a allo kamar sauran, amma girmansa sifiri. Yakan faru in an ɗauke wuta ana cikin adanawa, ko an fizge filashi kafin a gama kwafewa. Kawu ya ce ya sha ganin ɗalibi ya zo da filashi daga nesa zai buga aikinsa, a buɗe a tarar suna ne kawai, kamar buhun da aka ɗinke bakinsa ba hatsi. Iyayenmu da ke zuwa a sa musu takardun makaranta ko na fansho a filashi, ku roƙi mai shago ya nuna muku girman fayil ɗin, ya kuma buɗe shi a gabanku kafin ku biya.

Na huɗu, ƙananan fayiloli in sun yi yawa suna cin wuri fiye da nauyinsu. Faifai a yanke yake gida-gida, a tsarin Linux da aka fi amfani da shi kowane gida bayit 4096 ne, kuma ba a haɗa fayil biyu a gida ɗaya. Kamar kujerar mota ce, in ka ba jariri kujera kuɗin babba za ka biya. Fayil 10,000 masu bayit goma-goma, abin da ke cikinsu duka bayit 100,000 ne, amma za su mamaye wajen megabayit 40. Shi ya sa masu gyaran kwamfuta sukan nemo su don su share.

A nan kuwa sai an yi hattara ƙwarai. Akwai kalmar -delete da ake ƙarawa a ƙarshen layi, ta share duk abin da aka samo. Ba ta tambaya ko ka tabbata, kuma abin da ta share ba ya zuwa kwandon shara balle ka je ka ɗauko. Dokar Kawu ita ce a fara rubuta umarnin ba tare da ita ba, a karanta jerin da ido tun daga sama har ƙasa, sa'an nan a yanke shawara. Na tuna cewa da wani mai son tsabta ya riga mu zuwa faifan nan ya ce a share duk abin da bai kai kilobayit biyar ba, da ya sami wurin da bai isa ɗaukar fim ɗaya ba, ya kuma tafi da mutuncin Mama a ciki. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ita kanta kwamfuta, da yawa daga cikin fayilolin da take dogara da su wajen tashi da aiki 'yan ƙanana ne.

Wani zai ce kwamfutocin makarantarmu ai Windows ne. Haka ne, kuma a can kalmar find wani aiki dabam take yi, neman kalma cikin rubutu. Amma akwai layin umarni mai suna PowerShell, inda za a rubuta:

Get-ChildItem -Recurse -File | Where-Object Length -lt 20KB

Lafazin ya bambanta, tunanin ɗaya ne: ka faɗi kamannin abin da kake nema, ka bar inji ya yi yawon.

Wannan tunani shi ne babban abin da na samu, ya fi haddar umarni. Layin umarni ba ya gane "wani ɗan abu da wana ya rubuta kwanakin baya." Sai ka zauna ka tambayi kanka, ƙarami kamar yaya, yaushe, me ke ciki. Na lura tun da na saba da haka, ko tambayar lissafi aka ba mu a aji nakan fara da jera abin da aka sani kafin in damu da wanda ba a sani ba.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kada baƙin allo ya ba ku tsoro. Duk wanda ya iya rubuta jimla daidai zai iya ba kwamfuta umarni. Ku roƙi malamin kwamfuta ya nuna muku, ku fara da umarnin da ke dubawa kawai ba ya canja kome. In kun adana abu kuwa, ku ba shi suna mai ma'ana tun a ranar, ku ajiye shi wuri biyu. Iyayenmu kuma, musamman masu riƙe da amanar jama'a, ku riƙa sa mu muna kwafe muku lissafinku. Yanzu ni nake yi wa Mama nata kowace Asabar da dare. Fayil ɗin sunansa adashin-mama-2025, kwafi ɗaya yana shagon Kawu, ɗaya a wayarta, littafin kuwa ta saya masa leda mai kauri.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya ba iyayenmu ikon riƙe amana.